KEKEN 'YAN BIYU DA ƘOFAR SORONMU

Wannan makon layi ya zo kanmu, muna godiya ga shugabannin zaure da suka ba mu dama. Mun so mu kawo wani abu a kan adabi, sai muka tuna rabonmu da kammala karanta littafi guda ya fi shekara, tun da Allah Ya azurta mu da Hassan da Husaini. Don haka a yi haƙuri da mu, abin da ke gabanmu shi za mu kawo, wato yadda muka sayi keken tura yara mai mazauni biyu, da asarar da muka tafka kafin mu dace. In kun ji mun ce "mu", to mu ne da Maman Hassan. Amma duk inda wauta ta fito a labarin, nan mu kaɗai ne, babu ruwanta.

Tiyata aka yi mata aka ciro yaran, a ƙarshen watan Mayun bara. Ranar da za a sallame mu likita ta ja mata kunne cewa kada ta ɗaga abin da ya fi jariri ɗaya nauyi har sai ta yi mako shida. Duk da zafin ɗinki sai da ta yi murmushi ta ce, "To likita, ɗayan fa?" Aka yi dariya aka watse. Ba mu san wannan tambayar ce za ta hana mu barci wata da watanni ba.

Lokacin jego ba mu ji jiki ba, domin tana gidansu, hannuwa sun yi yawa. Wannan ta goya Hassan, waccan ta rungumi Husaini. Da ta cika wata biyu ta dawo ɗakinta, aka haɗo ta da ƙanwarta, yarinya 'yar shekara 12 da ta gama aji ɗaya na ƙaramar sakandare, ana cikin dogon hutu. Yarinyar nan ta yi mana rana. Allurar rigakafi ta mako shida a gida aka yi, ta mako goma kuwa ita ta goya ɗaya suka je suka dawo lafiya. Sai Satumba ta kama, makarantu suka buɗe, ta haɗa kayanta ta koma. A makon kuma allurar mako 14 ta faɗo.

Daga gidanmu zuwa asibitin sha-ka-tafi na unguwa tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙasa. Lungunmu Adaidaita Sahu ba ya shiga idan an yi ruwa, kuma a daren an kwana ana yi. Mu mun fita aiki tun da sassafe. Maman Hassan ta goya Hassan ta ɗaure da majanyi, ta saɓa Husaini a kafaɗa, ta rataya jaka mai katunansu da kayan canji, ta zura hijabi a kai. A bakin titi akwai lambatu da aka gitta wa katako. Tana tsakiyar katakon santsi ya ɗebe ta, ta zube a kan gwiwa ɗaya. Mai shayin da ke wurin, wanda shi ya yi wuf ya tallafe ta, ya ce mana tsakanin kan Husaini da bakin simintin bai kai faɗin tafin hannu ba. Ba ta ƙarasa asibitin ba, gida ta juya. Daren nan wurin ɗinkin ya yi ta ja mata, ba ta runtsa ba, mu ma haka. Sai bayan mako guda muka nemi izini a wurin aiki muka raka ta aka yi allurar.

Da labari ya kai ga Inna, mahaifiyarmu, ta zo da kanta. Ta duba gwiwar, ta duba jikokinta, ta ce abu ɗaya ne mafita, a je a roƙi surukai su dawo da yarinyar ta zauna shekara guda. "Boko ba guduwa zai yi ba," in ji ta, "idan yaran suka fara tafiya sai ta koma." Ba mugunta ce ta sa ta faɗi haka ba. Ita kanta tana aji uku na firamare aka kai ta rainon 'ya'yan yayarta, a wurinta haka zumunci yake. Muka yi shiru, domin gaskiya zuciyarmu ta karkata ga shawarar, ita ce mafi sauƙi kuma babu ko sisi a ciki. Maman Hassan ce ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ki yi haƙuri. Babbar yayarmu ma shekara ɗaya aka ce, ba ta sake komawa aji ba." Inna ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "To ku nemo dabara, ni dai kada a fasa mini kan jika."

Dabarar da muka nemo ita ce keken yara. Abin da muke nema a fili yake, wato abin da mace ɗaya za ta iya fita da yara biyu a cikinsa ba tare da an cire 'yar kowa daga makaranta ba.

Ga inda wautar take. Diflomar da muka yi a kwalejin kimiyya da fasaha a fannin gine-gine ce, aikinmu kullum awo ne, tef ɗin awo ba ya barin aljihunmu. Amma ranar da wani mai sayar da kayan Beljiyam ya turo mana bidiyon wani keke a waya, ko tunawa da tef ba mu yi ba. Baƙi ne mai sheƙi, mazauni biyu gefe da gefe, manyan tayoyi masu iska kamar na ƙaramin keken hawa, ga rumfa har ƙasa. Muka je shagon mu kaɗai. Mai shago ya ce, "Yallaɓai, irin wannan matan manya ke turawa." Muka tura shi a kan tayil ɗin shago yana tafiya kamar ruwa. Kowa ya san yadda kayan waje suka yi tashin gwauron zabo tun bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira a 2023, don haka sai da muka haɗa da kuɗin adashen da muke tarawa don buga littafinmu na farko. Muka biya muna jin mun yi abin kai.

Matsala ta fara tun a bakin shago. Ko da aka naɗe shi, sai ya cinye kujerar bayan Adaidaita gaba ɗaya, dole muka ɗauki shata muka zauna kusa da direba. Da muka iso gida ya ƙi shiga ƙofar soro. A nan ne muka zaro tef, bayan aikin gama ya gama. Ƙofa santimita 72, keke santimita 80. Muka naɗe shi muka karkata muka shigar da ƙyar, yaran maƙwabta suna kallo. Maman Hassan ta zagaya shi sau biyu, ta kama ta gwada ɗagawa, ta ajiye, ta dafe mararta. Ba ta yi mana faɗa ba, tambaya ɗaya ta yi, "Baban Hassan, in ba ka nan wa zai fitar mini da shi?" Washegari muka kai shi wurin mai sayar da gas muka ɗora a sikeli, kilo 17. Kwana tara ya yi a tsakar gida an mayar da shi wurin shanya. Da muka mayar, mai shago ya karɓa amma ya zabge kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin. Ba mu ga laifinsa sosai ba, bai ɓoye mana girman keken ba, mu ne ba mu auna ba.

Bayan wannan asarar muka zauna muka yi abin da ya kamata mu fara da shi, muka karanta muka yi tambaya. Abin mamaki, matsalar tamu tsohuwa ce. Keken jarirai ya daɗe a Turai, tun 1733 wani mai zane a Ingila, William Kent, ya ƙera wa 'ya'yan wani basarake irinsa, kuma ya daɗe yana abu mai nauyi na masu hali. Wanda ya sauƙaƙa shi wani injiniyan jiragen sama ne ɗan Ingila, Owen Maclaren. Ya ga yadda 'yarsa ke fama da ƙaton keke idan za ta yi tafiya da jikarsa, sai a 1965 ya ƙera wani da sandunan alminiyam wanda ake naɗewa kamar lema, nauyinsa wajen kilo uku kacal. Irin wannan naɗin shi ake yi har yau a kekuna marasa nauyi, har da masu mazauni biyu.

Mun gane cewa keken yara biyu iri biyu ne. Akwai na gefe da gefe, inda yaran ke zama kafaɗa da kafaɗa. Wannan yana da faɗi, amma gajere ne, nauyin yaran ya rabu daidai, juya shi da ɗaga gabansa a hau tudu ba wuya, kuma yawanci kowane mazauni yana kwantawa da kansa. Akwai kuma na gaba da baya, wanda faɗinsa kusan na keken yaro ɗaya ne, yana shiga ƙananan ƙofofi. Sai dai yana da tsawo, ɗaga gabansa idan da yaro a ciki sai an sa ƙarfi, kuma a da yawa daga cikinsu mazaunin baya ne kaɗai ke kwantawa sosai. Irin wannan ya fi dacewa da wa da ƙani, babba a gaba, jariri a baya. Namu kuwa kansu ɗaya, watansu huɗu da rabi a lokacin, ba su iya zama ba. Yaron da wuyansa bai gama ƙwari ba, wato kafin wajen wata shida, dole mazauninsa ya kwanta kusan shimfiɗe, domin idan aka zaunar da shi kansa na iya langaɓewa gaba ya takure masa numfashi. Wannan shi ya fitar da na gaba da baya daga lissafinmu. Inna ma ta ba da nata dalilin, ta ce, "Wa za ku sa a gaba, wa za ku bari a baya? Ku dai kuna neman kwana da kunama." Kun san abin da ake faɗa game da wanda ya fifita ɗaya cikin 'yan biyu.

Karo na biyu tare muka je kasuwar Sabon Gari, muka bar yaran wurin Inna. Muka tafi da takarda mai ɗauke da awon ƙofar soro, ƙofar ɗaki, ƙofar asibiti, faɗin katakon lambatu, da faɗin wurin ajiye ƙafa a bayan Adaidaita. Muka yi yarjejeniya cewa duk keken da za a gwada, Maman Hassan ce za ta buɗe, ta naɗe, ta ɗaga da hannu ɗaya, tunda ita za ta yi fama da shi. Mu namu tef ne da ciniki. Muka sayi ledar fiya wata biyu, domin kowace leda ƙulli 20 ne na rabin lita, kilo goma ke nan, kusan nauyin yaro ɗan shekara ɗaya da 'yan watanni. Duk keken da ya yi mana sai mu ɗora leda a kowane mazauni mu fita da shi waje, kan ƙasa da tsakuwa. Wani mai shago ya ce tun da yake bai taɓa ganin masu ciniki irinmu ba. Keken da ke gudu a kan tayil babu kaya, da yawa sai ka ga ya fara karkata gefe guda da zarar ya ji kilo ashirin.

Abubuwan da muka duba ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Mun duba bel ɗin ɗaure yaro, ya zama mai kama wuri biyar, kafaɗu biyu, ƙugu biyu da tsakanin ƙafafu, domin mai kama ƙugu kawai yaro na iya zamewa ta ƙasa ko ya tuma ta sama. A kayan gwanjo maƙullin bel ɗin ne ke fara lalacewa, don haka sai da muka ɗaure muka fizga da ƙarfi. Mun taka birki muka tura mu ga ko tayoyin baya duka sun kama. Mun duba maƙullin da ke hana keke naɗewa da kansa, domin idan ya saki da yara a ciki, yatsu ne a tsakanin ƙarafa. Mun bi gaɓoɓin muna neman tsatsa, tsagewa ko wurin da aka yi walda aka shafe da fenti. Mun nemi takardar da ke liƙe a jikin ƙarfen wadda ke faɗin iyakar nauyin da kowane mazauni ke ɗauka, yawancin marasa nauyi kilo 15 ne, wato har yaro ya kai wajen shekara uku. Tayoyi kuwa mun zaɓi na roba tsantsa a kan masu iska. Masu iska sun fi laushi a hanya mai gargada, amma a lungun da ƙusa da ƙaya ba sa ƙarewa, ba ma son a wayi gari ana neman mai faci ranar allura.

A shago na biyar muka same shi. Gwanjo ne, shuɗi, rana ta ɗan cinye launin rumfar, gefe da gefe mai naɗin lema, jikinsa alminiyam. A sikelin mai gas kilo goma da rabi ya yi. A buɗe faɗinsa santimita 76, ma'ana shi ma ba ya shiga ƙofar soronmu. Amma idan aka naɗe sai ya koma kamar damin rake, Maman Hassan ta ɗauke shi da hannu ɗaya ta ratsa ƙofa, kuma yana kwanciya a wurin ƙafa a Adaidaita ba sai an ɗauki shata ba. Kuɗinsa bai kai rabin na farkon ba. Tsarin da ta yi shi ne, ta shimfiɗa tabarma a soro ta kwantar da su, ta fitar da keke ta buɗe a ƙofar gida ta taka birki, ta ɗauko ɗaya ta ɗaure, ta ɗauko ɗayan. Lambatun nan kuwa ta daina bi ta kan katako, tana zagayawa ta kwalbatin gaba, ƙarin minti biyar.

Kada mu yi muku ƙarya, keken nan yana da nasa. Tayoyinsa ƙanana ne, idan suka shiga yashi sai su kafe, sai ta juya ta ja shi da baya a kan tayoyin baya. Da hunturu ƙura ta cika tayoyin gaba masu juyawa, sai an wanke an ɗiga mai. Rumfarsa gajera ce, ranar farko ta yafa zani a kai don kare rana, da ma'aikaciyar asibiti ta gani ta ce ta cire maza, domin rufe keke da zani yana tare iska, zafi ya taru a ciki fiye da na waje. Tun daga nan gidan sauro mai raga take sawa, kuma fita sai da safe ko bayan la'asar. Wata rana mun rataya jaka a mariƙi, muna cire Hassan sai keken ya nemi kifewa ta baya da Husaini a ciki, Allah Ya sa hannunmu na kai. Keke mara nauyi ba ya son kaya a mariƙi, a kwandon ƙasa ake sawa. Goyo kuma yana nan daram. Yaron da ke zazzaɓi ko rigimar haƙori, bayan uwarsa yake so, babu keken da zai rarrashe shi. Cikin gida ma da majanyi take aiki. Keken na hanya ne kawai.

Bakin mutane ma mun sha. Matasan layi suka sa mana "Turawan lungu". Wata dattijuwa ta tare ta ta ce tana baje 'ya'ya a idon duniya, ba ta tsoron kambun baka. Wani bawan Allah kuma a bakin asibiti ya ɗauka irin masu yawo da 'yan biyu ce, ya sunkuya ya ajiye wa kowannensu naira ɗari, daidai wa daida, ya wuce kafin ta buɗe baki. Ta dawo gida tana dariya tana hawaye. Amma allurar ƙyanda ta wata tara ita kaɗai ta kai su, a ranar da aka rubuta a kati, ta dawo ba ta dafe mara ba.

A littafin namu da bai samu fitowa ba, akwai wurin da jarumar ta haifi 'yan biyu, mijinta ya yo odar keke daga Dubai, aka wuce wurin a layi ɗaya. Da muka sake karantawa kwanan baya sai kunya ta kama mu. Ba mu faɗi nauyinsa ba, ba mu faɗi wa ke ɗaga shi ba, ba mu san ko gidan yana da soro ba. Mun rubuta abin da muka gani a fim. Yanzu muna sake babin, kuma wannan karon akwai ƙanwar jaruma a ciki, 'yar shekara 12, da maganar ko za ta koma makaranta.

Ita tamu ƙanwar ta gama aji biyu, ta shiga na uku. Takan zo ranar Asabar, kuma ba ta barin kowa ya tura keken sai ita. Inna da ta ce ita ta goyi tara ba ta san wani keke ba, ranar Babbar Sallah ita ta tura su har gidan ƙanwarta, sai dai ta kafa doka, wanda ya zauna dama a tafiya shi zai zauna hagu a dawowa. Yaran yanzu suna tafiya, kowanne ya haura kilo goma, Husaini ya koyi ɓalle bel ɗin kafaɗa, muna fama. Wani abokin aikinmu da hoton asibiti ya nuna wa matarsa biyu ya riga ya ce mu ajiye masa keken. Mun ce masa to, amma ya fara zuwa ya auna ƙofarsa, mun ma ba shi aron tef.

Roƙonmu ga 'yan zaure mazauna Kano shi ne, tayar gaba ta hagu ta fara cinyewa tana ƙara, mun zaga ba mu samu irinta ba. Duk wanda ya san inda ake sayar da tayoyin keken yara, ko mai gyaran da ya iya, ya taimaka ya sanar da mu a ƙasa. Gyara da shawara a kan rubutun ma muna maraba. Allah Ya raya mana zuri'a baki ɗaya, Ya ba masu nema.